Hannun Da Ya Ja Sitiyari

"Don girman Allah, Malam, kada ka shiga motar nan da Yaya Daudu."

Batulu ce ke magana daga bayan ƙyauren soron gidansu, gefen mayafinta ya jiƙe sharkaf da hawaye. Ko hantsi bai yi ba, amma idanunta har sun kumbura.

Malam Lauwali ya jingine kekensa a bango, ya yi wani murmushi da bai wuce leɓe ba.

"To in ban shiga ba, Batulu, ta ina zan same ki? Ke ma kin ji abin da Baba ya ce."

Ta ji, kamar yadda duk unguwar ta ji. Mahaifinta Alhaji Maikasuwa motocin haya uku gare shi, suna zirga-zirga tsakanin Kazaure da Kano, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Da manyan Lauwali suka taso daga Gwiwa neman aure, bai kore su ba, bai kuma karɓi goronsu ba. Cewa ya yi duk wanda zai auri Batulu shi zai riƙe motocin nan bayan ransa, kuma shi ba zai bar su a hannun wanda bai san birki da totur ba, direbobi su mai da shi abin wasa. Ya ba malamin makarantar wata guda ya koyi tuƙi. Sannan ya ɗora sharaɗin da ya hana Batulu sukuni: ranar da ya ƙwarzane masa mota, ranar maganar aure ta mutu.

Wanda aka ɗora wa koyarwar kuwa shi ne Daudu, babban direban gidan, ɗan yayar Alhaji, wanda ya shekara uku yana kawo wa Batulu turare da atamfa daga Kano tana mayar masa da abinsa. Ni dai ban taɓa ganin inda aka ce wa mai neman aure ya gyara wa abokin takararsa hanya ba, sai a gidan Alhaji Maikasuwa.

"Jiya a tsakar gida ya ce kafin azahar zai gama da kai," in ji Batulu. "Da kunnena na ji. Ka bari na sake roƙon Baba, zan durƙusa, zan kama ƙafarsa. Ka ce yau ba ka da lafiya."

"Gobe fa? Jibi fa?"

"Kai da ko a baya aka zaunar da kai sai ka yi amai? Kai da ka ce min tun ranar da babbar mota ta bi ta kan shanun babanku kana yaro, ƙarar inji kaɗa maka hanji take yi?"

"Har yanzu tana kaɗawa." Ya matsa kusa da ƙyauren. "Tsoro nake ji, Batulu, ba zan ɓoye miki ba. Amma tsoron na ji an ce ga ki a gidan wani ya fi min wannan."

Ta fashe da kuka sosai.

"Ba gidan wanda zan shiga! Baba da bakinsa ya ce ba zai yi min dole ba. In ba kai ba, gara na tsufa a ɗakin Inna ina koya wa 'ya'yan mutane ɗinki. Amma mene ne amfanin wannan duka in aka dawo min da kai a tabarma?"

Kafin ya ba ta amsa, aka danna oda a ƙofar gida, dogon dannawa na rashin mutunci. Batulu ta ja ƙyaure da sauri.

Daudu ne a cikin farar a-kori-kurar Alhaji, hula a karkace, tawul a wuya, baƙin tabarau a ido. Shekararsa goma sha biyu yana tuƙi bai taɓa buge ko kaza ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan labarin.

Ranar Asabar ce, kwana shida da gwamnati ta juya tuƙin ƙasar nan daga hagu zuwa dama, cikin bazarar 1972. Rediyo ba ta da zance sai wannan, an kakkafa alluna masu kibiya a bakin kwalta, direbobi na tafiya a ɗarare. Lauwali da kansa ya kwashe makon yana zana titi a allo, yana nanata wa 'yan ajinsa inda mota za ta ɓullo yanzu. Daudu kuwa cewa yake wannan duk surutu ne na sababbin shiga da 'yan Babura masu tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ta mulka, shi hannunsa ya riga ya san hanya.

"Malam, an gama bankwanan?" ya ce. "Ko na jira a yi wasiyya?"

Alhaji ya fito da carbi a hannu, yayarsa Tasalla, mahaifiyar Daudu, na biye da shi da ƙwarya a naɗe cikin zane. Lauwali ya durƙusa ya gaishe su. Alhaji ya amsa a taƙaice, Tasalla kuwa ta amsa wa bango.

"Mai ba ya ƙonewa a banza a gidana," in ji Alhaji. "Adda za ta je suna Roni, ku kai ta. In kun fita gari, Daudu, ka ba shi ya taɓa."

Lauwali ya ɗago kai.

"Baba, na ɗauka a filin makaranta za mu fara."

"Fili na 'yan ƙwallo ne," Daudu ya katse shi. "Ni a hanya aka koya min, da mari."

Da suka bar kwalta suka ɗauki burjin Roni, Daudu ya tsaya a gindin wata tsamiya ya ce a yi musanya. Motocin lokacin duk sitiyarinsu a dama yake, gaban kuma benci ɗaya ne. Lauwali ya zauna a bakin sitiyari, Daudu a tsakiya gwiwarsa na gugar tasa, Tasalla a jikin ƙofar hagu da ƙwaryarta a cinya.

"Ƙafafu uku ne a ƙasa, kai kuwa biyu gare ka. Na hagu kuloci, na tsakiya birki, na dama totur. Giya ga ta nan a wuyan sitiyari. Sau ɗaya nake faɗa. Tayar."

Lauwali ya yi bismilla ya murɗa makulli. Injin ya kama, ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Ya taka kuloci, ya lalubi giya, ya saki ƙafa gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle ta mutu.

"Madalla," in ji Daudu. "Sake."

Ya sake, ta sake mutuwa. A karo na uku giyar ta yi wani ƙaraurau mai ban tausayi, Daudu ya kai masa duka a gwiwa da bayan hannu.

"Kai! Wannan ba saniya ba ce da za ka ja wa wutsiya ta tashi! A hankali ake sakin kuloci, ɗan ruga!"

Lauwali ya haɗiye. Mutum ne da yara arba'in ke miƙewa tsaye in ya shiga aji, yau ga shi ana dukan gwiwarsa a gaban tsohuwa. Gumi ya jiƙa masa riga tun daga wuya har ƙugu.

"An ce har Turanci yake koyarwa," Tasalla ta faɗa tana duban taga. "Ashe ƙarfe ba ya jin Turanci."

A karo na biyar motar ta motsa. Ta yi gaba tana tangaɗi, ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, wuyansa a miƙe, bai ko iya ƙifta ido ba. Hanyar siririya ce, gefenta duk yashi da ramukan da damina ta bari, shi ya sa kowane direba tsakiya yake bi, sai in an yi karo da wata motar kowa ya raɓa hannunsa. Wani mai jaki ya hango tafiyar da suke yi, tun daga nesa ya kora dabbarsa cikin gona.

"Giya ta biyu. Kuloci tukuna, dabba! Yauwa. Ta uku."

"Yaya Daudu, wannan gudun bai isa ba?"

"Wane ne yayanka? Da wannan tafiyar sai an yaye jaririn kafin mu isa. Taka!"

Da ya ga bai taka ba, sai ya ɗora ƙafarsa a kan ta Lauwali ya danna. Motar ta zabura, gargadar hanya ta fara jijjiga su, ƙwaryar Tasalla na buga gwiwarta. Lauwali ya san abin da ake nufi da shi. Ba koyarwa aka fito yi ba, rami ake nemar masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma duk hankalinsa yana kan hanyar da ke shigewa ƙarƙashinsa.

Daudu ya kwantar da murya, wadda ta fi tsawar ciwo.

"Ka san ni na kai Batulu makaranta ranar farko? A kafaɗata. Da ta yi ƙyanda ni na tuƙa ta asibitin Kano ba barci. Ina kake a lokacin? Kana bayan shanu. Shekara goma sha biyu ina cin ƙura a motocin gidan nan, na san kukan kowacce, sai kawai ka zo da keke da biro a aljihu ka kwashe duka?"

"Ni ba motoci na zo nema ba."

"Ita ma ba za ka samu ba."

"Ba ni na ce ta ƙi ka ba, Daudu," Lauwali ya ce, idonsa a hanya. "Tun kafin ta san ni take mayar maka da turarenka."

Tasalla ta ja tsaki. Daudu ya cire tabarau, jijiyar goshinsa ta tashi, ya juyo gaba ɗaya yana duban malamin maimakon hanya. Daidai nan burjin ya hau tudu ya karya kwana a bayan wani dutse, irin duwatsun nan na ƙasar Roni da ke ɓoye abin da ke tafe.

Sai ga gingimari ta ɓullo, shaƙe da buhuna, ta cika hanya, tana gangarowa a tsakiya.

"Innalillahi!" Tasalla ta ƙwalla.

Kan Lauwali ya ɗauke. Ya manta birki, ya manta kuloci, ya manta sunan komai. Abu ɗaya ne ya rage masa, wanda ya yi mako yana rubutawa a allo, kuma shi bai taɓa sanin wani hannun ba balle ya rikice. Ya karya sitiyari dama. Direban gingimarin ma ya raɓa nasa hannun, hanya ta fara buɗewa a tsakaninsu.

Daudu ya waiwayo ya ga ƙarfe a gabansa. Bai yi tunani ba, hannun nan da ya shekara goma sha biyu yana guje wa mutuwa ta hagu shi ya yi masa tunanin. Ya cafki sitiyari ya fizgo hagu da dukan ƙarfinsa.

A-kori-kura ta koma cikin bakin gingimari, ƙofar da Tasalla ke jingine ita ce a gaba. Tsohuwar ta ga ƙusoshin bamba ɗaya bayan ɗaya.

"Saki!" Lauwali ya yi ƙara. "Dama ne! Dama!"

Daudu bai saki ba. Lauwali ya sa kafaɗa ya banke shi, ya murɗo sitiyarin da damtsen da ya taso yana kayar da bijimai a ruga. Motar ta dawo. Gingimari ta wuce da oda da ashar, iskarta ta fizge ɗankwalin Tasalla ta taga, tsakaninsu bai kai tafin hannu ba. Su kuwa murɗawar ta yi yawa, suka sauka daga hanya ta dama, suka gangara cikin yashi, gaban motar ya daki kututturen wata bishiya da aka sare. Injin ya mutu.

Shiru. Sai ƙarar gilashin fitila da ke zubewa ƙasa.

Gingimari ba ta tsaya ba. Ba wanda ya ji rauni, in ban da leɓen Daudu da ya fashe. Ya zauna yana duban hannunsa na dama kamar ba nasa ba, fuskarsa ta yi fari fat. Ya san abin da ya yi. Ya kuma san in labarin nan ya shiga tashar Kazaure, cewa Daudu ya ja hagu da mahaifiyarsa a ƙofa, ba fasinjan da zai sake hawa motarsa, kuma kawunsa a ranar zai karɓe makulli.

Ya fita ya duba gaban motar. Fitila ta tafi, bamba ya lanƙwashe. Da ya ɗago, fuskar ta riga ta sauya.

"Ka ga abin da ka yi?"

Lauwali, da ke durƙushe yana amai a gindin kututture, ya ɗago kai.

"Ni?"

"Ka firgita ka watsa mu a rami. Ina ƙoƙarin daidaita maka kana kokawa da ni."

"Daudu, ka ji tsoron Allah. Hagu ka ja. Cikinta ka kai mu!"

"Ni? Ni zan ja hagu? Wa zai ji wannan a bakin wanda ya kashe mota sau huɗu kafin ta motsa?"

Su biyun suka juya wajen Tasalla. Tana zaune inda take, kai ba ɗankwali, furfura a waje, ƙwaryar ta tsage a cinyarta, garin da ta ɗauko wa mai jego ya zube mata a ƙafa. Ba ta dubi ko ɗayansu ba.

"Ku mai da ni gida," ta ce. "Na fasa sunan."

Wasu masu tafiya kasuwa suka taya su turo motar kan hanya. Daudu ya tuƙa, a hankali, manne da hannun dama, har Kazaure.

Alhaji Maikasuwa yana kan dakalin ƙofar gida suka iso. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya sa yatsa a ramin fitilar, sannan ya ce su shiga soro. Ya zauna a kan buzu, Tasalla a gefe, samarin biyu a durƙushe.

Daudu ya faɗi nasa, tsaf, har da rantsuwa. Lauwali ya faɗi nasa, muryarsa na sarƙewa, yana maimaita magana, kamar dai shi ne mai ƙaryar. Haka abin yake, wani lokaci mai gaskiya shi ya fi kame-kame.

"A wane hannu motar ta faɗa?" Alhaji ya tambaya.

"Dama, Baba, amma..."

"Wa ke kan kujerar direba?"

"Ni ne, Baba. Amma wallahi ba don na murɗo ba..."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Mutum ne mai zafi, amma ba ya son a ce ya yi zalunci. Ya juya wajen yayarsa.

"Adda, ke kika zauna da su. Daudu ɗan farinki ne, duk garin nan an san ko sunansa ba kya kamawa, ba ki taɓa shigar masa faɗa ba tun yana yaro. In kowa zai kare shi, ban da ke. Abin da kika faɗa shi zan ɗauka. Hannun wa ya ja motar?"

Lauwali ya ji sanyi a ransa. Ya dube ta da idon roƙo. Daudu ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Tasalla ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ni da na ga babbar mota na rufe ido ina salati," ta ce. "Ban buɗe ba sai a rami. Ban ga komai ba."

"Inna!" Lauwali ya ce. "Inna, ki tuna..."

"Ya isa," in ji Alhaji. "Malam, ba ni da shaida sai fitilata. Sharaɗi na yi a gaban manyanka, kuma ba na mayar da magana. Ka gaishe su. Daga yau kada na sake ganin kekenka a bangon nan."

Daga cikin gida aka ji wani kuka ya tashi, aka ji muryar mata suna riƙe mai shi. Lauwali ya miƙe da ƙyar. Bai san lokacin da ya sa takalmi ba, ya dai tsinci kansa a waje, rana na dukansa, yana riƙe da keken ya kasa hawa. Hawaye na zuba, bai damu da wanda zai gani ba.

Sai ya ji takun mutum. Tasalla ce ta fito, ta rufe kai da gefen zane, ta tsaya kusa da shi tana karkaɗe garin da ya maƙale mata, fuskarta na kallon wani wajen.

"Malam."

"Na'am, Inna."

"Idona biyu. Na ga hannun da ya ja, na ga wanda ya murɗo. Ba don kai ba, da yanzu ana haƙa min kabari."

Ya saki keken ya faɗi, ya durƙusa a gabanta.

"To Inna, don Allah, don Annabi, kalma ɗaya ce. Ki koma ki..."

"Kada ka roƙe ni." Muryarta ta karye, hawaye ya gangaro mata. "Shekara talatin da biyu ban taɓa tsaya masa a gaban mutane ba, ko sau ɗaya. Aka dake shi na kau da kai, aka zage shi na yi dariya. Yau na tsaya. In na faɗa, ya rasa yarinyar, ya rasa sana'ar, ya rasa fuskar shiga tasha. Kai kana da allonka. Alhakinka yana wuyana, na sani, na kuma ɗauka. Tashi ka hau kekenka."

Ta share ido ta juya. A bakin ƙyaure ta yi kiciɓis da Batulu, ba mayafi, ba takalmi, ta ƙwace daga hannun masu riƙe ta, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Gwaggo, na ji," ta ce. "Duk na ji. Ki koma ciki ki maimaita a gaban Baba."

Tasalla ta dube ta tun daga sama har ƙasa, idonta ya bushe ƙaf kamar bai taɓa zubar da komai ba.

"Me kika ji? Sallama na yi wa baƙo, 'yar nan. Matsa na wuce."